Jagorar Kauce wa Hatsarin Sauka a Jirgin Feshi: Daga Hannun Makanike Zuwa Ƙafar Matuƙi

Jirgin fasinja da ya tashi daga Kano zuwa Jidda sau ɗaya zai sauka a tafiyar, a kan kwalta mai tsawo da faɗi, ga fitilu, ga masu ba da umarni a hasumiya. Jirgin feshi kuwa a ranar da aiki ya kankama yana iya sauka sau ashirin, wata rana ma fiye, a kan ɗan titin ƙasa da aka share a gefen gona, matuƙi shi kaɗai a ciki, ga zafi, ga warin magani, ga mai gona na ƙirga masa lokaci. Kowace sauka tana cin birki, tana cin taya, tana girgiza kowace ƙusa da ke jikin jirgin. Shi ya sa hatsarin sauka yake yawan faruwa a wannan sana'a, kuma idan aka bi sawunsa akan tarar tun kwanaki kafin ranar ya fara, a wurin gyara ko a kan titin da ba wanda ya taka da ƙafa ya duba.

Sana'ar ta girmi yawancinmu. A watan Agusta na 1921 aka fara gwada ta a jihar Ohiyo ta Amurka, inda wani hafsan soja, John Macready, ya barbaɗa garin magani daga jirgi kan itatuwan da tsutsa ta addaba. Yau jiragen Air Tractor da ake ƙerawa a Texas, da Thrush na jihar Jojiya ta Amurka, da Dromader na Polan, da tsofaffin Pawnee da Ag Cat, suna aiki a nahiyoyi daban-daban. Mu ma muna da rabonmu: gonakin audugar Jazira a Sudan sun daɗe da sanin feshin sama, an yi amfani da jirage wajen yaƙar farar da ta mamaye Nijar da maƙwabtanta a 2004, kuma ana tura jirage su yi wa tsuntsayen jan-baki feshi a jihohi irin su Kebbi, Sakkwato, Jigawa, Yobe da Borno. A 2014 hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto na musamman bayan ta duba haɗurra 78 na jiragen noma da suka auku a 2013, kuma cikin manyan abubuwan da ta nuna da yatsa akwai gajiyar matuƙa da sakaci wajen gyara. Wannan jagora ta bi aikin ne yadda yini yake tafiya, tun daga asuba. Littafin da kamfanin da ya ƙera jirginka ya rubuta shi ne gaba da duk abin da zan faɗa. Inda muka saɓa, bi nasa.

Mataki na farko: san halin jirgin da kake hawa

Kusan duk jiragen feshi manyan tayoyinsu biyu na gaba, sai wata ƙarama a ƙarƙashin wutsiya. Nauyin jirgin yana bayan manyan tayoyin nan. Ka tuna mai turin baro cike da yashi: taya na gaba, kaya na baya, da zarar tayar ta ɗan karkace sai kayan su nemi wuce ta, in bai yi maza ya gyara ba baron ya juya da shi. Haka jirgin nan yake a ƙasa. In hanci ya ɗan kauce dama, nauyin da ke baya zai ci gaba da tafiya gaba, ya ƙara tura wutsiya hagu, kaucewar ta yi ta ƙaruwa da kanta har jirgi ya wulwula kamar katantanwa, fiffike ya daki ƙasa, ƙafa ɗaya ta karye.

Abubuwa uku ne kawai ke hannun matuƙi don hana wannan: allon wutsiya da yake juyawa da feda, makullin ƙaramar tayar baya da ke riƙe ta a miƙe, da birkin dama da na hagu, waɗanda kowanne yake cin gashin kansa. Allon wutsiya iska yake buƙata, don haka yana rasa ƙarfi yayin da gudu ke raguwa. A ƙarshen sauka, lokacin da mutum yake ganin ai an gama, birki da makullin nan ne suka rage masa. Duk abin da zai biyo baya a kan kare waɗannan ukun yake.

Mataki na biyu: taka titin da ƙafarka

Kafin jirgi ya fara zuwa, kuma kowace safiya bayan haka, wani ya bi titin daga farko zuwa ƙarshe. Da ƙafa ya fi, don daga cikin mota ba a ganin ramin gafiya da ciyawa ta rufe. A nemi sabon suri da gara ta tayar cikin dare, da kwarin da ruwan jiya ya yanka, da sawun shanu da ya bushe ya zama kamar turmi. A share tsidau da ƙaya, su ne masu cin taya a hankali. Ƙasar fadama kuma tana da yaudara da damina: samanta ya bushe ya yi ɓawo, ƙarƙashi taɓo ne, taya ta nutse, wutsiya ta ɗaga, farfela ta sari ƙasa. Gwaji mai sauƙi shi ne a bi titin da mota mai nauyi a taka birki a wurare da dama, a ga inda ta zame da inda ta nutse.

A auna tsawon titin da gaske, kada a dogara da "ai zai kai mita dubu". A san gefen da ya gangara. A kafa tutar iska inda matuƙi zai hango ta daga sama, kuma a tabbata ba bishiya ko tankar ruwa da ta kare ta. A zagaya a rubuta duk wata wayar lantarki da eriyar sadarwa da ke kusa da bakin titi. Waya ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema.

Sai mutane da dabbobi. A ƙauyukanmu saukar jirgi abin kallo ne, yara za su zo, masu babur za su ratsa, makiyayi zai bi hanyar da ya saba bi tun kakanninsa. A je wurin mai gari tun kafin a fara aiki, a yi masa bayani, a roƙi ya ba da mutane biyu ko uku da za su tsare bakin titi. Maganarsa ta fi igiya da ganga tasiri.

Mataki na uku: duba ƙafafun jirgi kowace safiya

Nan ne ya kamata a daɗe. Wata shekara ina cikin masu aikin ƙasa na wani jirgin feshi, da sassafe wani yaro da ke koyon aiki ya durƙusa gefen tayar hagu ya ce wa babban makanikenmu, "Maigida, zo ka ga wannan." Ƙura ce ta manne a bayan faifan birki, ta yi duhu, faɗinta bai fi kwabo ba. Dattijon ya shafa da yatsa, ya murza, ya duba a hasken rana: ja ne. Ya tashi ya ce wa matuƙin, "Kyaftin, yau sai dai ka yi haƙuri, ba za ka tashi yanzu ba." Ran matuƙin bai so ba, don iska ta kwanta, lokacin feshi ke nan. Da aka kwance, wata 'yar roba ce ta tsage, man birki na zirarewa kaɗan-kaɗan. Da an tashi, wataƙila sauka biyar za ta wuce lafiya, ta shida fedar hagu ta tafi ƙasa fayau.

Ga yadda ake bi. A fara da birki: a duba kaurin takalmin birki da ma'auni, a kwatanta da iyakar da littafi ya sa, kada a tsaya kan kallo. A duba faifan ko ya yi zane mai zurfi, ko ya lanƙwashe, ko tsatsa ta ci shi. A bi tiyon mai daga sama har ƙasa, a nemi inda yake gogar ƙarfe. Duk inda ƙura ta jiƙe ta manne, akwai yoyo. A shiga ciki a taka fedojin biyu tare: su tsaya da tauri, daidai da juna. In ɗaya ta yi laushi kamar soso, iska ta shiga layin. In tana sauka a hankali ƙarƙashin ƙafa, mai na gudu ta wani wuri. Ƙara mai kawai a rufe ba gyara ba ne, sai an gano ta inda na farko ya fita.

A kula da irin man. Yawancin waɗannan jirage jan mai suke sha, wanda ake kira 5606. Man birkin mota da ake sayarwa a kasuwa wani iri ne dabam, yana lalata robobin birkin jirgi. Ranar da jan mai ya ƙare a sansani, jirgi ya zauna har a kawo.

Taya: a auna iska da geji tana sanyi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana iya zamewa a kan rim lokacin da aka taka birki, ta tsinke bakin tub, ta sace nan take a tsakiyar sauka. Shi ya sa ake ja layin fenti daga taya zuwa rim. In layin ya rabu biyu, taya ta motsa. A ɗaga ƙafar lokaci-lokaci a juya taya a saurari boris, a girgiza a ji ko akwai wasa.

Ƙafafun da yawa daga cikin jiragen nan ƙarfe ne mai lanƙwasa ya dawo. Irin wannan ƙarfe ba ya son rauni a fatarsa. Ɗan ramin tsatsa ko inda dutse ya ɓantare fenti na iya zama mafarin tsaga. A wanke, a haska da tocila, musamman inda ƙafar ta shiga jikin jirgi da inda aksil ya kama. Kusoshin da ke riƙe ƙafa suna da adadin sa'o'in da kamfani ya yanka musu. In sun cika a canza su ko da suna ƙyalli.

Tayar wutsiya ƙarama ce, shi ya sa ake raina ta. A wasu jirage liba ce ke kulle ta, a wasu kuma makullin na haɗe da sandar tuƙi. Ko wanne ne, a gwada: a kulle, a tura wutsiya gefe da hannu, a ji fil ɗin ya shiga raminsa ya riƙe. Ramin da ya faɗaɗa, ko fil da ya cinye, ko igiyar makulli da ta saki, duk suna nufin jirgi zai sauka da tayar da ke yawo yadda ta ga dama. In matuƙi ya ce wutsiya na karkarwa bayan sauka, a ɗauki maganar da muhimmanci a ranar.

Daga nan a bi igiyoyin ƙarfe da ke tafiya daga feda zuwa allon wutsiya. A naɗe tsumma a hannu a shafa su a hankali. In tsumman ya maƙale, silin waya ya tsinke. An fi samun haka inda igiya ke bi ta kan kura ko ta cikin rami, wato daidai inda ido ba ya kaiwa sai an motsa feda an jawo ɓoyayyen wurin fili.

Mataki na huɗu: mai da lodi

Injin da ya mutu a sama saukar dole yake jawowa, a gonar da ba a zaɓa ba. A sansanin daji daga duro ake shan mai, kuma duro na tara ruwa. A ajiye shi a kwance ko a karkace yadda ruwan sama ba zai taru a kan murfi ba, a bar shi ya natsu bayan an gangaro da shi, a zuƙa ta matata mai raba ruwa. Man injin fistan, 100LL, shuɗi ne, ruwa na fitowa fili a ƙasan kwalba. Jet A-1, man da injin tabin irin PT6 ke sha, kusan kalar ruwa gare shi, don haka a yi amfani da abin gwajin ruwa. A tsiyaye ƙasan kowane tanki kafin tashin farko. A haɗa wayar ƙasa tsakanin duro da jirgi kafin a buɗe murfi, musamman da hunturu da iska ke bushe, tartsatsi ba ya wuya.

Wajen lodi, a yi lissafi da kilo. Tankin feshi na jirgin Air Tractor samfurin AT-502 na ɗaukar kimanin lita 1,900. In ruwa ne, kilo 1,900 ke nan. In takin ruwa ne mai nauyin kusan kilo 1.3 a kowace lita, cika tankin ya haura kilo 2,400. Mai lodi da ya saba cikawa har wuya zai iya ɗora wa jirgi rabin tan na ƙari bai sani ba. Kuma jirage da yawa an yarda su tashi da nauyin da ba a yarda su sauka da shi ba. Matuƙi ya san lambobin nan biyu da ka.

In ana lodi inji na aiki, mutum ɗaya tak ke ba da alama, kowa ya tunkari jirgi ta bayan fiffike, kuma ba mai wucewa ta gaba ko da hularsa ce iska ta kai can.

Mataki na biyar: yi lissafin titi kafin ka buƙace shi

Zafi na sa iska ta yi sirara. Ƙa'idar da matuƙa ke amfani da ita: kowane digiri ɗaya na zafi sama da ma'aunin da aka ɗauka shi ne daidai ga wurin yana ƙara wa wuri kimanin ƙafa 120 na tsawo a wurin jirgi. Kano na kan kusan ƙafa 1,500, inda ma'aunin daidai yake digiri 12. Ranar bazara da zafi ya kai 40, bambancin 28 ne, wato jirgi na ji kamar yana kan tudu mai ƙafa 4,900. Agogon gudu zai nuna lambar da ka saba gani, amma a kan ƙasa kana tafe da kusan kashi 10 cikin ɗari fiye da haka. Ƙarin kashi 10 a gudu kuwa yana ƙara kusan kashi 20 a tsawon da za ka ci kafin ka tsaya.

Hukumar jiragen sama ta Birtaniya na ba ƙananan jirage wasu alƙaluma masu amfani: busasshiyar ciyawa a ƙara kashi 15, jiƙaƙƙiya kashi 35, gangaren kashi 2 a ƙara kashi 10, iskar baya da ta kai kashi 10 na gudun sauka a ƙara kashi 20, sannan a ninka duka da 1.43 don ragin tsaro. A ce littafinka ya ba ka mita 400. Raɓar safiya ta mai da shi 540. 'Yar iskar baya ta kai shi 648. Da ragin tsaro ya haura 900. Alƙaluman suna hawa kan juna ne, shi ya sa titin da ya ishe ka jiya da rana zai iya gaza maka yau da asuba.

Iskar bayan nan ita ce tarkon masu feshi. Wurin lodi na gefe ɗaya na titi, don haka ana son a sauka ana fuskantarsa, a tashi ana ba shi baya, a rage ɓata lokaci. Da safe iska kwance, babu laifi. Wajen ƙarfe goma ta fara motsi, matuƙi kuma ya riga ya saba da hanyar. A yanke iyaka tun a ƙasa: in tuta ta nuna iskar baya ta wuce kaza, a zagayo ta ɗaya bakin, ko da za a yi tafiyar minti biyu a ƙasa.

Mataki na shida: saukar kanta

Tun kana nesa ka kammala shiri: famfon feshi a kashe, bel a ɗaure tam, hular kwano a kulle, makullin tayar wutsiya a inda littafi ya ce. Taka birki biyun a sama ka ji taurinsu, sannan ka sauke dugaduganka ƙasa don kada ka taɓa titi da taya a danne. Dubi tuta kowane zuwa, ko sau talatin ne. Dubi titi ko akuya ta shiga.

Ka riƙe gudun da littafi ya ba nauyin da kake ɗauke da shi. Jirgin da ya zubar da tan biyu wani jirgi ne dabam da wanda ya tashi minti goma da suka wuce. Mara nauyi yana son ya yi ta shawagi a kan titi, mai kaya kuma yana nutsewa da sauri. Ka zaɓi alama a gefen titi, duro ko tuta, ka yi wa kanka alkawari: in tayoyi ba su taɓa ƙasa kafin nan ba, na fasa, na sake zagayowa. Fasa sauka da wuri ake yi. Injin PT6 na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya amsa daga ƙaramin wuta, wanda ya jira sai ya hango ƙarshen titi ya makara.

Ka taɓa ƙasa hanci na kallon inda jirgi ke tafiya, ba tare da zamewa gefe ba. In iska na bugowa daga gefe, karkata sanda wajenta, ka riƙa ƙarawa yayin da gudu ke raguwa, ƙafafu kuma na aiki da ƙananan gyare-gyare masu sauri. Da wutsiya ta zauna, sanda ta dawo ciki ta tsaya nan. Kada ka juya farfela baya da ƙarfi wutsiya na sama, domin hakan na rage iskar da allon wutsiya ke samu, kuma a titin ƙasa yana tayar da ƙurar da za ta rufe maka ido, inji ya shaƙe ta. Birki a hankali, biyun tare. Birki mai ƙarfi a ƙasa mai laushi shi ke kifa jirgi kan hancinsa. Kada ka buɗe makullin wutsiya, kada ka duba waya ko takardar lodi na gaba, sai gudu ya dawo na tafiyar ƙafa.

Da bazara a lura da guguwa. In ka ga tana wasa kusa da titi, ba ta wuri ta wuce. Masu aikin jan-baki kuma suna da tasu matsalar: sai tsuntsayen sun taru a makwancinsu da almuru ake feshi, don haka dawowa cikin duhu-duhu ake yi, wani lokaci da hazo. A lissafa lokacin dawowa kafin a tashi, a tanadi fitilun gefen titi, kada fitilar mota ta haska fuskar matuƙi.

In ka taka birki a sama ka ji ɗaya babu, kada ka gwada sa'a a gajeren titi. Nemi mafi tsawo da faɗi da manka zai kai ka, rage kaya, kuma in akwai zaɓi ka sa iska ta bugo daga gefen birkin da ya mutu, yadda mai lafiyar zai yi aikin riƙe hanci. In inji ya mutu da kaya a ciki, hannun zubar da lodi na kusa da kai don wannan ranar aka yi shi. In da hali a kauce wa rijiya da gidaje, amma kada kuɗin magani ya sa ka jinkirta.

Mataki na bakwai: bayan mummunar sauka

Jirgi ya daki ƙasa da ƙarfi, ko ya faɗa rami, ko bakin fiffike ya shafi ƙasa, ko farfela ta taɓa wani abu: a kashe, a faɗa, a rubuta. Ana samun matuƙin da zai yi shiru don kunya, gobe wani ya hau jirgin. A duba kusoshin ƙafa, bututun jikin jirgi kusa da inda ƙafa ta kama, mazaunin inji, da fatar fiffike ko ta yi tamoji. Farfelar da ta daki ƙasa tana jawo binciken inji yadda kamfaninsa ya tsara, ko da a ido ba ta lanƙwashe ba. Hatsari kuma doka ta ce a sanar. A Najeriya hukumar NSIB ce ke bincike, NCAA kuma ke kula da lasisi da cancantar jirgi.

Mataki na takwas: wanka da yamma, da farautar tsatsa

Taki da magungunan feshi suna cin ƙarfe, yuriya in ta haɗu da laima ba ta da tausayi. Shi ya sa aka yi jikin jiragen nan da faifan da ake cirewa cikin sauƙi. A cire su, a wanke ciki da ruwa mai yawa, a bari ya bushe, a sa giris inda ya kamata. Garin taki na taruwa a can ƙasan wutsiya, kusa da igiyoyi da mazaunin tayar baya. Ruwan wankin kada ya gangara rafi ko inda dabbobi ke sha. Mai wankin ya sa safar hannu da takalmin roba da abin rufe fuska. Matatar iskar inji ma a duba ta kullum da hunturu.

Abin da tsatsa ke iyawa ya bayyana a Ostireliya ranar 24 ga Oktoba 2013, lokacin da fiffiken hagu na wani Dromader da ke kashe gobarar daji kusa da Ulladulla ya rabu da jirgin a sama, matuƙin ya rasu. Masu bincike sun gano tsaga ce ta gajiyar ƙarfe a mahaɗin fiffiken na ƙasa, wadda ta faro daga ƙananan ramukan tsatsa, kuma hanyar da aka bi wajen duba wurin ba ita ce wadda aka amince da ita ba. Jiragen Air Tractor da Thrush su ma suna da umarnin hukuma kan ƙashin fiffikensu, da adadin sa'o'in da za a duba ko a canza. Wanda ya sayo tsohon jirgi ya fara da wannan tambayar: sa'o'i nawa ƙashin fiffiken ya yi, kuma ina takardar?

Mataki na tara: bayan kowane gyara

Gyara kansa na iya zama mafarin hatsari. Noti da aka ɗaura da hannu da niyyar a dawo a matse, sai aka kira mutum cin abinci. Fil ɗin tsare noti da aka manta. Sifana da aka bari a cikin wutsiya ta je ta maƙale igiya. Don haka a matse kowace ƙusa da sifana mai ma'auni zuwa lambar littafi, a ƙirga kayan aiki kafin da bayan aiki, kuma duk aikin da ya taɓa sanda, feda ko birki, mutum na biyu da bai sa hannu a ciki ba ya duba, ya motsa, ya tabbata dama na zuwa dama. In aka katse ka a tsakiyar aiki, koma baya matakai uku ka sake bi. Kayan gyara su zo da takardar shaidarsu. Ƙusar kasuwa na iya kama da ta jirgi a ido, ƙarfensu ba ɗaya ba. Binciken sa'o'i 100 na zuwa da sauri a tsakiyar kakar feshi, a tsara shi cikin jadawali tun farko don kada ya zo ranar da mai gona ke tsaye. Mai sa hannu a littafin jirgi ya zama mai lasisi. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964 na cikin wuraren da ke horar da irinsu. Bayan gyaran birki ko taya, a yi gwaji a ƙasa a hankali, tanki babu kaya, kafin lodin farko.

Mataki na goma: jikin matuƙi da na ma'aikata

Mutumin da ya tashi ƙarfe huɗu na asuba kwana goma a jere, ƙafafunsa na makara da ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ɗan lokacin ne tsakanin sauka lafiya da katantanwa. A yanke sa'o'in aiki da ranar hutu a rubuce tun kafin kaka ta fara, a yi barcin rana a inuwa, a sha ruwa a kowane lodi. Makanike ma haka, shi da ke aiki da tocila bayan kowa ya kwanta.

Sai guba. Fenthion da aka daɗe ana fesa wa jan-baki, da magungunan fara da dama, suna cikin dangin da ke taɓa jijiya, kuma suna shiga ta fata. Alamunsu ciwon kai, yawan zufa da miyau, tashin zuciya, rawar tsoka, da tsukewar ƙwayar ido. Ƙwayar ido da ta tsuke ba ta gani sosai da magariba, ba ta kuma auna nisan ƙasa daidai. Matuƙin da ya ji ɗaya daga cikin waɗannan kada ya sake tashi a ranar. A yi wa duk ma'aikata gwajin jini na kolinestares, wato sinadarin jiki da irin wannan guba ke ragewa, kafin kaka, a maimaita a tsakiyarta don a sami abin kwatantawa. A ajiye ruwa da sabulu da kayan canzawa a wurin lodi. Tun ranar da aka kafa sansani, a je asibiti mafi kusa da takardar da ke jikin galan ɗin maganin, a nuna wa likita, a tambaye shi ko suna da allurar atrofin, maganin irin wannan guba, a ajiye, a karɓi lambar da za a kira da dare, a kuma bar mota ɗaya da mai a ciki da direbanta a gefen titi har jirgi na ƙarshe ya tsaya.